Ko ɗaurin pai zai tsaya babu sigma? Yadda za ka gano da takarda da biro

Duk wanda ya yi kemistiri a sakandare, ko a cikin garin Sakkwato ko a Wurno ko a Tambuwal, ya haddace ƙa'ida ɗaya. Ɗauri guda tsakanin atam biyu sigma ne. Ɗauri biyu, sigma ɗaya da pai ɗaya. Ɗauri uku, sigma ɗaya da pai biyu. Da ita ake cin WAEC da NECO da JAMB, kuma da wuya ta ba mutum kunya. Rikicin na tasowa ne ranar da ɗalibi ya shiga jami'a, aka zana masa C₂, wato atam biyu na kabon a haɗe, a allo, aka ce ɗauri biyu ne kuma duka biyun pai ne. Nan za ka ji wani daga bayan aji ya ɗaga hannu: "Malam, ƙaƙa pai za ta zamna ba sigma? Ai ba haka anka koya muna ba."

Yana da gaskiya, ba haka aka koya masa ba. Amsar a taƙaice ita ce e, akwai molekul da lissafi ke nuna ɗaurinsu pai ne zalla, kuma C₂ da B₂ (atam biyu na boron) su ne kan gaba. Sai dai "babu sigma" ɗin nan na da sharaɗi, kuma wanda ya haddace amsar bai san sharaɗin ba, ya canja hadda ne kawai. Gara ka yi lissafin da hannunka. Ga yadda ake yi.

Mataki na ɗaya: rarrabe σ da π da biro biyu

Ɗauki biro biyu, ka riƙe kowanne a tsakiyarsa. Yatsunka su ne cibiyar atam, biron kuma obital p ne, wato yankin da ilektiron ke zama, mai kunne biyu, ɗaya kowane gefen cibiya.

Fara da kwantar da su baki da baki a layi ɗaya. Inda suka haɗu yana kan layin da ya tashi daga wannan cibiya zuwa waccan. Murza biro ɗaya a tsakanin yatsunka, za ka ga haɗuwar ba ta canja ba. Wannan shi ne sigma, σ.

Yanzu tsayar da su kafaɗa da kafaɗa. Kan wannan na kusa da kan wancan, gindi na kusa da gindi, amma layin da ke tsakanin yatsunka fayau yake. Haɗuwar ta koma sama da ƙasan layin. Karkata biro ɗaya har bakinsa ya kallo ƙirjinka, haɗuwar ta watse. Wannan shi ne pai, π, kuma dalilin ke nan da ya sa ɗauri biyu ba ya juyawa.

Lura da abu ɗaya kafin ka ajiye biron. A duk bayanin nan babu inda aka ce sai sigma ya rigaya kafin pai ya samu. Sunayen biyu na bayyana siffar haɗuwa ne kurum. Zancen cewa sigma ke fara zuwa daga wani wuri ya fito.

Mataki na biyu: san dalilin da ya sa ƙa'idar makaranta ke aiki

Haɗuwar baki da baki ta fi ta gefe da gefe zurfi a yawancin lokuta, don haka obital ɗin sigma ya fi zama ƙasa a makamashi, ilektiron kuwa ƙasa suke fara cikawa. Lambobi sun nuna haka. Tsinke ɗaurin C–C guda na cin kusan kilojul 348 a kowane mol, C=C na cin kusan 614. Da pai ya kai sigma ƙarfi, da an ga ninki biyu, wato kusan 700. Abin da pai ya ƙara bai wuce 270 ba.

Saboda haka a itin, C₂H₄, ka ƙirga sigma 5 da pai 1. A asitilin, C₂H₂, sigma 3 da pai 2. A CO₂, biyu da biyu. A benzin, C₆H₆, sigma 12 da pai 3. Duk wannan daidai ne, kada ka taɓa shi. Hanyar ta samo asali daga zanen ɗige-ɗige na Gilbert Lewis na 1916 da aikin Linus Pauling na wajen 1931. Rauninta shi ne tun farko ta ɗauka cewa sigma ne ke ƙasa, ba ta bincika ba. Idan kana son sanin ko akwai inda pai ya riga sigma, ba za ka tambayi hanyar da ta riga ta yanke hukunci ba.

Mataki na uku: zana tsanin obital na molekul

Kayan aikin da ake buƙata shi ne hanyar da Friedrich Hund da Robert Mulliken suka gina a ƙarshen shekarun 1920, wadda ta kai Mulliken ga kyautar Nobel a 1966. A nan ba a cewa ilektiron biyun nan na wannan ɗauri ne. Ana haɗa obital na atam biyu ne a samu sababbi na molekul gaba ɗaya, sannan a zuba ilektiron daga ƙasa.

Duk obital biyu da suka haɗu suna haifar da biyu: mai haɗawa, wanda ke tara ilektiron a tsakanin cibiyoyi, da mai rabawa, wanda ke kore su daga tsakani, ana sa masa alamar tauraro. Atam na layi na biyu a jadawalin sinadarai, daga litiyam zuwa niyon, kowanne na da obital huɗu a zagayen waje: 2s ɗaya da 2p uku. Atam biyu, takwas ke nan, don haka tsaninka zai ɗauki gurbi takwas.

Daga 2s biyu ka samu σ2s da σ*2s. Daga 2p biyun da suka kalli juna baki da baki ka samu σ2p da σ*2p. Sauran 2p huɗu, masu gefe da gefe, su ba ka π2p guda biyu a hawa ɗaya da π*2p guda biyu a hawa ɗaya. Ka bar 1s, suna can ciki sun soke juna.

Mataki na huɗu: zaɓi jerin da ya dace

Duk amsar tambayarmu a nan take kwance, kuma nan ne ɗalibai suka fi zamewa.

Jeri biyu ne. Ga O₂ da F₂, daga ƙasa zuwa sama:

σ2s, σ*2s, σ2p, π2p π2p, π*2p π*2p, σ*2p

Ga Li₂ har zuwa N₂, wanda ya haɗa da B₂ da C₂:

σ2s, σ*2s, π2p π2p, σ2p, π*2p π*2p, σ*2p

Bambancin guda ne: a jeri na biyu pai ya sauko ƙasan σ2p. Me ya jawo haka? σ2s da σ2p siffarsu iri ɗaya ce, kuma obital masu siffa ɗaya idan suna kusa a makamashi sai su cakuɗa su ture juna, na ƙasa ya ƙara nutsewa, na sama ya ƙara hawa. Pai ba ya shiga wannan turereniya domin siffarsa daban ce, yana nan inda yake. Idan turin ya yi ƙarfi, σ2p sai ya haura ya wuce pai.

Ƙarfin turin ya danganta da tazarar da ke tsakanin 2s da 2p a cikin atam. A boron tazarar kusan eV 6 ce (eV ma'aunin makamashi ne a matakin atam), a kabon kusan 9, a naitirojin kusan 12, a oksijin ta haura 16, a fulorin ta wuce 21. Yadda cajin cibiya ke ƙaruwa daga hagu zuwa dama, haka 2s ke ƙara nutsewa yana nisa da 2p. Kafin a iso oksijin sun yi nisan da cakuɗar ba ta isa ta juya jerin ba. Hanyar tunawa mai sauƙi: naitirojin da duk na hagunsa, pai a ƙasa.

Mataki na biyar: zuba ilektiron, ka ƙirga σ da π daban-daban

Dokokin su ne waɗanda ka sani. Cika daga ƙasa, gurbi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da biyu, kuma idan gurbi biyu na hawa ɗaya sai kowanne ya samu ɗaya kafin a ninka. Darajar ɗauri kuwa: ilektiron masu haɗawa, a cire masu rabawa, a raba biyu. Dabarar da littattafai da yawa ba sa nunawa ita ce ka yi wannan lissafi sau biyu, ɗaya na sigma kaɗai, ɗaya na pai kaɗai.

Fara da N₂, domin ka san amsarsa, sai ya zama gwajin tsaninka. Ilektiron na waje 10. Biyu a σ2s, biyu a σ*2s, huɗu a pai, biyu a σ2p. Sigma: 4 a cire 2, a raba biyu, 1. Pai: 4 a raba biyu, 2. Sigma ɗaya da pai biyu, daidai da abin da aka koya maka a SS2. Tsanin bai yi ƙarya ba.

Sai O₂, da jeri na farko. Ilektiron 12. Bayan σ2s da σ*2s da σ2p da pai sun cika, saura biyu, su hau π* ɗaya-ɗaya. Sigma 1. Pai: 4 a cire 2, a raba biyu, 1. Ɗauri biyu, kuma ga ilektiron biyu marasa abokin zama, shi ya sa idan aka sanyaya oksijin ya zama ruwa yake maƙalewa tsakanin bakin maganaɗisu. Zanen Lewis bai taɓa iya bayanin wannan ba. John Lennard-Jones ya yi bayaninsa da irin tsanin nan a 1929.

Yanzu C₂. Kowane kabon na da 4, jimla 8. Biyu a σ2s, biyu a σ*2s, saura huɗu. Hawa na gaba a jeri na biyu pai ne, gurbi biyu, suka shanye huɗun cif. σ2p na nan a sama wayam, ilektiron sun ƙare kafin a iso shi. Sigma: 2 a cire 2, sifili. Pai: 2. Ɗauri biyu, duka pai.

B₂ ya fi ban mamaki. Ilektiron 6. Bayan huɗun farko saura biyu, kowanne ya kama gurbin pai nasa. Sigma sifili, pai 1. Ɗauri guda ne, amma rabi a wannan gurbi, rabi a wancan.

Ka ga ke nan ba wani siddabaru a ciki. Ƙa'idar "sigma ke fara zuwa" na aiki ne inda sigma ke ƙasa ko inda ilektiron suka isa su cika duka biyun. A N₂ ma pai ne ya fara cika, ba mu lura ba ne domin a ƙarshe σ2p shi ma ya samu nasa.

Mataki na shida: gwada zanenka da abin da aka auna

Zane a takarda ba hujja ba ne sai an gwada. Hanya mai kyau ita ce ka yi kuskuren da gangan: sake cika B₂ da C₂ da jerin oksijin. B₂ zai sa biyunsa na ƙarshe tare a σ2p, babu ilektiron maras aboki. C₂ zai sa biyu a σ2p, biyu ɗaya-ɗaya a pai. Wato jerin oksijin na cewa B₂ ba shi da marasa aboki, C₂ na da biyu. Nazarin hasken da molekul ɗin ke sha da wanda suke fitarwa ya nuna akasin haka: B₂ a yanayinsa na ƙasa, wato mafi ƙarancin makamashi, yana da marasa aboki biyu, C₂ kuwa duka nasa a haɗe suke. Jeri na biyu ne ya ci.

Sai tsawon ɗauri. Tsakanin kabon da kabon, ɗauri guda a itan, C₂H₆, pikomita 154 ne (pikomita kaso ɗaya ne cikin tiriliyan na mita), ɗauri biyu a itin 134, ɗauri uku a asitilin 120. Na C₂ kuwa 124. Ya fi kusa da ɗauri uku fiye da biyu. Amma ƙarfinsa kusan kilojul 600 ne a kowane mol, daidai wajen na ɗauri biyu, nesa da 839 na C≡C. Tsawo na faɗin abu ɗaya, ƙarfi na faɗin wani. Wani ɓangare na bayanin shi ne haɗuwar gefe da gefe na ƙara kyau ne idan atam suka matso sosai. Amma wannan saɓani alama ce cewa lissafinmu bai faɗi komai ba.

Mataki na bakwai: gane ma'anar wannan sifili

Koma kan C₂ ka ƙirga. Cikin ilektiron 8 na waje, 4 na zaune ne a obital na sigma. Saboda haka cewa "C₂ ba shi da ilektiron na sigma" kuskure ne tsantsa. Abin da lissafi ya ce shi ne ribar σ2s da asarar σ*2s sun soke juna. Kamar ɗan tireda ne da ya rubuta shiga dubu goma, fita dubu goma, ya ja layi ya sa sifili. Kuɗi sun shiga sun fita, kuma sifilin na da inganci ne kawai idan lambobin biyu daidai suke da gaske.

A nan ba daidai suke ba. Cakuɗar nan ta mataki na huɗu ba σ2p kaɗai ta taɓa ba. Ta ƙara wa σ2s ƙarfin haɗawa, ta kuma rage wa σ*2s ƙarfin rabawa, domin ta tura ilektiron ɗinsa can bayan cibiyoyi inda ba su cika ɓarna ba. Sai ya zama akwai ragowar riba ta sigma da lissafinmu na a cire a raba biyu bai gani ba.

Be₂, atam biyu na beriliyam, shaida ne. Ilektiron 4, biyu a σ2s, biyu a σ*2s, darajar ɗauri sifili, wato a takarda bai kamata ya wanzu ba. Amma yana nan, an auna shi: tazarar atam ɗinsa kusan pikomita 245, ƙarfin riƙonsa wajen kilojul 11 a kowane mol. Rauni ne ƙwarai, amma ba sifili ba.

Wasu masana sun tafi nesa da haka. A 2012 Sason Shaik da Philippe Hiberty da Henry Rzepa da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Nature Chemistry cewa ɗauri huɗu ne a C₂: sigma ɗaya na sosai, pai biyu, da wani na huɗu mai rauni tsakanin ilektiron biyun da ke kallon waje. Gernot Frenking na Jamus da wasu suka ƙi yarda, suna kafa hujja da cewa ɗauri huɗu bai kamata ya fi na asitilin tsawo da laushi ba. A ganina mai karatu ya riƙe abin da ba a jayayya a kai: gurabun pai biyu a cike suke, σ2p kusan wayam yake, ɓangaren sigma kuma bai soke kansa kakaf ba. Ko za a kira ragowar "ɗauri" ko ba za a kira ba, wannan ya danganta da ma'aunin da mutum ya ɗauka, domin darajar ɗauri ba abu ba ne da na'ura ke aunawa kai tsaye kamar tsawo.

Mataki na takwas: je ka ga C₂ da idonka

Ba a ajiye C₂ a kwalba, nan take yake kama wani abu. Amma ba sai ka bar gari ba. Tsaya a rumfar mai waldan gas, irin masu gyaran salansa da jikin mota, ka nemi izini, ka ari tabarau. Zai jefa dutsen kabaid a tulunsa, ruwa ya taɓa shi, asitilin ya taso da warin nan mai kama da tafarnuwa. Da ya kunna, harshen wutar ja-ja ne mai baƙin hayaƙi, wannan ƙurar kabon ce ke ƙuna. Yana buɗe oksijin a hankali sai hayaƙin ya ɗauke, wani ɗan tsini mai haske ya fito a bakin tocin, shuɗi mai ratsin kore. Cikin masu ba da wannan launi akwai C₂, wanda haskensa mafi ƙarfi ke wajen nanomita 516, wato kore, tare da CH (kabon ɗaya da haidurojin ɗaya) mai ba da shuɗin. Haka abin yake a gindin wutar risho mai kyau da ta gas ɗin girki. William Swan na Sukotlan ya yi nazarin waɗannan layukan haske a 1856, har yau da sunansa ake kiransu. C₂ ɗin ne kuma ke sa kan tauraro mai wutsiya ya yi kore, kamar wanda aka yi ta ɗaukar hotonsa a farkon 2023.

Abin dariyar shi ne C₂ ɗin da ke haskawa ba mai pai zalla ba ne. Wannan haske na fitowa ne tsakanin yanayoyi biyu da ilektiron ya riga ya hau σ2p. Na ƙasa daga cikinsu bai kai kilojul 9 a kowane mol sama da yanayin ƙasa ba, abin da ke nuna maka yadda pai da σ2p ke dab da juna a kabon. Ɗan zafi kaɗan ya isa ya motsa ilektiron.

Kafin ka bar rumfar, yi lissafin dutsen kansa. Kabaid CaC₂ ne, a cikinsa akwai C₂²⁻. Ilektiron 8 da ƙarin 2, goma ke nan kamar N₂. Ƙarin biyun sun sauka a σ2p, sigma ya dawo, ɗauri ya zama uku. Kabaid ke nan da ke zama a gwangwani, C₂ kuwa sai cikin wuta.

Mataki na tara: raba tambaya biyu da ake cakuɗawa

"Molekul maras sigma ko ɗaya" daban, "atam biyu da pai kaɗai ya haɗa su a cikin babban molekul" daban. Na farko sai a ƙananan abubuwa irin C₂ da B₂. Na biyu kuwa an haɗa shi har an ajiye. A 2020 masu bincike a Japan suka ba da rahoton wani molekul mai atam huɗu na silikon a zobe shimfiɗaɗɗe, inda biyun da ke kallon juna ta tsakiyar zoben ke da tazarar kusan pikomita 285, alhali ɗaurin Si–Si na yau da kullum wajen 235 ne. Nisan ya yi yawa ga sigma, amma obital p ɗinsu na tsaye sama da ƙasan zoben suna haɗuwa gefe da gefe. Pai ne guda babu sigma a tsakaninsu. Sai dai sigma na sauran zoben ne ke riƙe su a wurin, manyan rassan da aka ɗaura musu kuma na kare su daga abin da zai far musu.

A ɗakin jarrabawa

Idan tambayar ta ce ka ƙirga sigma da pai a itin ko benzin ko HCN, bi ƙa'idar makaranta, kada ka kawo zancen C₂. Idan ta ambaci obital na molekul ta kuma tambayi wanne ne ke da pai zalla, C₂ ne, da B₂ idan yana cikin zaɓi. Idan tambayar rubutu ce a jami'a, zana tsanin, nuna dalilin saukowar pai, raba lissafin gida biyu, sannan ka rubuta cewa jimlar darajar sigma ce ta zama sifili, ba wai babu ilektiron a sigma ba.

Don gwada hannunka, yi N₂⁺ da C₂⁻. Kowanne ilektiron 9 gare shi, ya kamata ka samu pai 2 da sigma rabi, jimla 2.5. Sannan ka gwada Si₂. Silikon na ƙarƙashin kabon a jadawali, ilektiron na waje 8 ne kamar C₂, don haka hannu zai so ya kwafi amsar. Kada ka kwafa. Atam ɗin silikon manya ne, ba sa matsowa kusa yadda pai ke so, don haka a Si₂ biyu na zaune a σ3p, biyun ƙarshe kuma ɗaya-ɗaya a pai.